Kwamfuta uku a shagona na Yelwa: in hau Windows 11 ko in zauna a kan 10?

Mai Sakatariya (Garwa):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya aiki, ya zafi? Mu nan Garwa zafin bana ya shigo da wuri, kafin ƙarfe goma na safe fankar shago iskar tanda take hurowa.

Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zance, ku yi haƙuri da ni. Ina da shago a Yelwa, irin wanda muke ce wa sakatariya: buga takardu, fotokopi, ɗaure memuwar (kundin kammala karatu) na ɗalibai, hoton katin shaida, sai yi wa yara rajista ta intanet idan lokacin konkur, jarrabawar neman gurbi, ya zo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da shi nake ci da iyali. Kwamfuta uku gare ni. Biyu na tebur ne, na hannu, na saye su a 2019 wurin wani mai kawo kaya daga Duwala. Iri ɗaya ne, Core i5-6500, RAM giga 8. Ta ukun laftof ce, i5-8250U. Wani ɗalibi ya bar min ita jingina, da ya kasa fansa muka daidaita na cika masa kuɗi. Dukansu Windows 10 ce a kai.

Tun kafin Oktoban bara suke fito min da sanarwa mai cika allo, wai daga 14 ga Oktoba 2025 an daina kula da Windows 10. Ni dai sai in rufe in ci gaba da aikina. Ranar ta zo ta wuce, ban ga abin da ya canza ba. Word na buɗewa, firinta na bugawa. Amma ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki in ya taso makaranta ya sa ni gaba. Kullum, "Kawu, an wuce wurin nan fa, ka ba ni dare ɗaya in ɗora mana 11." Na tambaye shi me 11 ɗin za ta yi mana da 10 ba ta yi, ya ce ta fi kyau. Na ce masa kyau ba ya biyan kuɗin haya.

Ba taurin kai ba ne, na taɓa ƙonewa. Farkon 2020, da aka ce Windows 7 ta ƙare, na kira wani yaro ya ɗora min 10 a kan kwamfutar da sikana ke jone da ita, saura mako biyu a rufe karɓar dosiye na wata jarrabawa. Windows ta hau lafiya lau, sikana ta ce ba ta san zancen ba. Kwana goma sha biyu muna neman direbanta, manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Ina zaune iyaye na leƙowa da 'ya'yansu, takardar haihuwa da difloma a cikin leda, in ce musu sikana ba ta aiki, su tsallaka titi zuwa shagon maƙwabcina ina kallo. Wasunsu har yau can suke zuwa, in mun haɗu a masallaci sai dai gaisuwa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Ga kuma wuta. Wanda ya san Garwa ya san in ruwan Lagdo ya ja baya sai rabo, a ba unguwarku da safe a ɗauke da rana ba sallama. Ondila, akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ɗaya gare ni, batirinta ya tsufa, minti biyar take riƙewa in ta ga dama. Intanet kuma na modem ne, forfe, wato data, nake saye, kowane giga da lissafinsa.

To wannan daina kulawar, me take nufi ga mai shago irina? Wata rana zan zo in kunna ta ƙi tashi ne? In kuma dole sai na hau 11, duka ukun za su ɗauka? Wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya amsa min, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Mai Gyara na Domayo (Marwa):

Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba za ta ƙi tashi ba. Har gobe ina da kwastomomi a nan Marwa masu lissafin kanti da Windows 7, kullum tana tashi. Abin da aka daina shi ne facin tsaro. Kowane wata, Talata ta biyu, Microsoft na turo gyaran ramukan da aka gano a jikin Windows. Shi ne aka yanke wa 10. Ramukan ba su daina ɓullowa ba, tela ne ya naɗe tabarmarsa. Kuma da yake 10 da 11 a wurare da yawa tubalinsu ɗaya ne, in aka fitar wa 11 faci, masu ɓarna na dubawa su gane inda katangar 10 ta tsage.

Ka tuna bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017? Ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka rinƙa soke ganin marasa lafiya. Facin ramin da ya bi ya fita tun watan Maris. Waɗanda ba su saka ba su suka sha. Amma kada in tsorata ka fiye da kima, abin ba dare ɗaya yake lalacewa ba. Windows 7 ta ƙare Janairun 2020, Chrome bai rabu da ita ba sai farkon 2023, a siga ta 109. Haka za a yi wa 10, a hankali ake janye mata jiki, yau wannan manhaja gobe waccan.

Batun kwamfutocinka, lambar da ka rubuta ta riga ta ba da amsa. Lamba ta farko bayan ɗan layin nan ita ce zuriyar firosesa. 6500 zuriya ta shida ce, 8250U ta takwas. Windows 11, da ta fito 5 ga Oktoba 2021, a ɓangaren Intel daga zuriya ta takwas take karɓa, sai 'yan tsiraru daga ta bakwai. Tana kuma neman TPM 2.0, wani ɗan ma'aji ne na makullan sirri a cikin kwamfutar, da Secure Boot, da RAM giga 4, da wurin ajiya giga 64. Wato laftof ɗin ta ci jarrabawa, na tebur ɗin biyu sun faɗi, duk da RAM ɗinsu ya wadatar. Don ka tabbatar, a laftof ɗin danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. In ta ce babu, kada ka yanke ƙauna, sau da yawa a kashe yake a cikin BIOS, saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, a Intel sunansa PTT, kunna shi kawai za a yi. Hawan kyauta ne in lasisin 10 ɗin na gaskiya ne.

Na tebur ɗin kuma akwai rancen lokaci da ake kira ESU, facin tsaro na ƙarin shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Dala 30 ne, ta Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wajen sefa dubu 17. Ko kuma kyauta, in ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a ajiye saitunanka a wurinsu. Asusu ɗaya na ɗaukar kwamfuta har goma. Sharaɗin shi ne 10 ɗin ta kasance sigar ƙarshe, 22H2, kuma lasisinta ba na fashi ba ne. Don masu amfanin gida aka yi wannan tsarin. Na kamfanoni daban ne, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma ninkawa yake duk shekara.

Da ni ne kai ga yadda zan yi. Laftof ta hau 11, duk aikin intanet ya koma kanta: rajistar konkur, imel, biyan kuɗi. Nan ne takardun haihuwar 'ya'yan mutane da lambobin wayarsu ke bi, amana ce a hannunka. Kuma tana da batiri, ko an ɗauke wuta ana tsakar ɗorawa ba abin da zai same ta. Ta tebur mai sikana kada kowa ya taɓa ta, ka bar ta a kan 10, ka zare mata wayar intanet. Bugu da kwafi ba sa buƙatar intanet. In Office 2016 ko 2019 kake amfani da shi, ka sani shi ma rana ɗaya aka sallame shi da Windows 10, zai ci gaba da aiki amma ba faci.

Kafin komai, kwashe fayilolinka zuwa wani diski na waje. Na sha ganin dattijo yana hawaye a shagona kan hotunan aikin Hajji.

Abu na ƙarshe, in har yanzu tsohon diski mai juyawa ne a cikin na tebur ɗin, SSD, sabon diski marar juyawa, za ta ƙara musu gudu fiye da kowace sabuwar Windows. Ni ta giga 256 dubu 18 nake sawa har da kuɗin aiki. Ba talla nake ba, nisa ya hana.

Ɗan Ridina (Njamena):

Kai, ku mutanen Kamaru da dogon lissafi! Baba, ka samu kile (filashin USB) mai giga 8, ka sauke manhajar Rufus, ka ba shi fayil ɗin Windows 11. Zai tambaye ka ko ya cire sharaɗin TPM da Secure Boot da RAM, ka ce masa e. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ni har kan zuriya ta huɗu na ɗora, ga su nan suna aiki a hannun mutane, ba wanda ya dawo min da ƙara. Zuriya ta shida da RAM giga 8 ai sarauniya ce.

Fayil ɗin ya fi giga 5, kada ka ƙona forfenka. Duk mai tura waƙoƙi a kasuwa yana da shi, ɗari biyar zai kwafa maka. In kana da mai zuwa Kusiri ma ya tsallako gadar Ngeli in ba shi kyauta. Yaronka ya fi ka gaskiya, a bar matasa su yi aiki.

Malamar Lise (Ngawundere):

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai gyara ba ce, malamar lissafi ce, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba.

Malam Mai Gyara ya ce a zare wayar intanet. To ai a shago irin na Yaya, ɓarawon ba ta taga yake shigowa ba, ta ƙofa yake shigowa da sallama, a cikin kilen kwastoma. Kilen ɗalibi ɗaya ta kwana a kwamfuta goma kafin ta iso hannunka. Kowa a nan ya san bairos ɗin rakursi, wanda ke ɓoye manyan fayiloli, wato folda, ya bar maka gajerun hanyoyi masu kama da su, kana dannawa ya shige. Kwamfutar da aka yanke wa intanet kuwa mai gadinta ma ba ya samun sabon labari, bairos ɗin da aka ƙirƙira bayan ranar da ka zare waya bai san fuskarsa ba.

Ni a gida tsohuwar kwamfutar maigidana Linux Mint na sa mata a madadin Windows, shekara biyu ke nan. Kyauta ce, ba ta tambayar TPM, siga ta 22 ana kula da ita har 2029. Abin da ya sa na kawo ta: bairos ɗin rakursi don Windows aka rubuta shi, a Mint ba ya motsi. Kana saka kile za ka ga fayilolin da ya ɓoye a fili, ga shi nan shi ma a gefe kamar ɓeran da aka haska wa tocila, ka goge shi. Duk kilen da ɗalibaina suka kawo min sai ta fara bi ta nan. Tunda kana da ta tebur guda biyu, me zai hana ɗaya ta zama mai gadin ƙofa? Ba sai ka goge komai ba ma, ana iya tayar da Mint daga kile a gwada ta, in an cire kilen Windows ta dawo yadda take.

Amma kada in yaudare ka, ba za ta maye maka Word ba. LibreOffice ne a ciki, kuma takardar da aka tsara a Word in an buɗe ta can wani lokaci shafuka kan gusa, tebur ya tsallaka wani shafi, lambobin jerin babi su daina dacewa. Mai memuwar da zai tsaya gaban juri gobe ba zai yafe maka wannan ba. Bugu ya zauna a Word.

Mai Gyara na Domayo (Marwa):

Malama ta kama ni, kuma gaskiyarta. Na manta da kile, alhali rabin aikin da ke shigo min shi ne. Microsoft ta ce Defender, mai gadin da ke cikin Windows 10, zai ci gaba da samun sabbin bayanan bairos har Oktoban 2028, amma sai da intanet zai same su. Don haka ko dai a rinƙa jona ta lokaci-lokaci, ko a hana ta kilen baƙi gaba ɗaya. Na biyun ya fi.

Ɗan'uwana na Ridina, Rufus na aiki, ni ma ina amfani da shi, ban musa ba. Amma ka faɗa wa Alhaji sauran zancen. Microsoft ta rubuta ƙarara cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, ba ta da alkawarin samun sabuntawa. Kuma 11 duk shekara take fitar da sabuwar siga, kowace siga wata 24 ake kula da ita a Home da Pro. Kwamfutar da aka shigar ta bayan gida yawanci sabuwar sigar ba ta zo mata da kanta, sai an sake zama an ɗora da hannu. Kai da kake da kile a aljihu ba komai ba ne. Mai shagon da zai kira yaro ya biya shi, ya rufe shago yini guda, lissafinsa daban. Waɗanda ka ce ba su dawo da ƙara ba, ka duba wace siga suke kai yanzu.

Fayil ɗin kasuwa kuwa, a'a. Ban san wanda ya taɓa shi ba, kai ma ba ka sani ba. Akwai waɗanda aka cire musu Defender aka cusa wasu abubuwa a ciki. Kwamfutar da za a rinƙa shigar da bayanan 'ya'yan mutane, gara a ƙona giga 6 a ɗauko daga shafin Microsoft. Alhaji, laftof ɗinka ma ba ta buƙatar wannan duka, ta Windows Update za ta hau. In ba ta yi maka ba kana da kwana 10 ka koma 10, muddin ba ka goge babban fayil ɗin nan mai suna Windows.old ba.

Mai Sakatariya (Garwa):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai Gyara, ban je Makka ba tukuna, amma na karɓi Alhajin, Allah ya amsa bakinka. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da labari, ba da wata tambayar kawai ba.

Daren Juma'a muka yi ta laftof, da forfen dare. Na kwashe komai a diski tukuna, ɗan ƙanwata yana ta tsaki wai ɓata lokaci ne. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, tana kashi sittin da wani abu, wuta ta tafi. Shago ya yi duhu ɗum, ba abin da ke haske sai allon laftof da ɗigon nan masu zagayawa. Muka zauna muna kallonta muna korar sauro, ba mai magana. Batiri ya riƙe. Da asuba ta gama.

Da safe na sha 'yar wahala. Maɓallin farawa ya koma tsakiya, hannuna kuma shekara da shekaru kusurwar hagu ya sani, sai in kai linzami can in tarar da wayam. Yaron ya shiga saituna ya mayar min da shi hagu. Sai danna dama a kan fayil: inda na saba ganin kwafa da liƙa a jere, yanzu wasu 'yan hotuna ne a layi ɗaya, almakashi da shara da sauransu. Wani malamin makaranta na tsaye a kaina yana jiran takardarsa, ni ina laluben yadda ake canza wa fayil suna kamar yau na fara. Daga baya muka gano in ka riƙe Shift ka danna dama tsohon jerin ne ke fitowa. Firinta ta kama ba gardama. Rajista uku na yi a kanta jiya.

Na tebur ɗin ne suka ba ni mamaki. Ɗaya ta nuna wurin rajistar ESU, muka shiga da asusu, ta karɓa. Ɗayar, mai sikana, ba ta nuna komai ba. Da muka duba, ashe yaron nan na 2020 Windows ta fashi ya ɗora min, ya kuma karɓi kuɗin lasisi a hannuna. Shekara shida ban sani ba. Na bar shi da Allah. Na zare mata waya, na samu salatif na liƙe ramukan kile biyu na gabanta, na rubuta a takarda da Faransanci da Hausa cewa ba a saka kile a nan. Tawa kile ɗaya ce ke shiga ta baya.

Malama, ke kuma ga naki labarin. Mun tayar da Mint daga kile a kan ta biyun don gwaji. Ranar Talata wata yarinya 'yar jami'a ta shigo idonta ya yi ja, wai memuwar ɗinta ta ɓace, ta je shago biyu an ce sai dai a wanke kilen. Muka saka a Mint. Ga babban fayil ɗinta nan da sunanta, babi huɗu cif, ga tarkacen rakursi a gefe. Ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gyale, ta daɗe ba ta ce komai ba. Na kwafe mata a tawa kilen, na buga a Word. Yaron da ya hana ni barci kan 11, yanzu ba ya zancen komai sai Linux, har yana gaya wa abokansa shi ya kawo shawarar.

Ta biyun dai ban yanke mata hukunci ba. Na rubuta 13 ga Oktoba da jan biro a jikin kalandar shago. Kafin ranar, ko Mint ta zauna a kanta dindindin, ko in bi ta hanyar ɗan Ridina in na ga Word ɗin kwamfuta ɗaya ba ya isar mu lokacin memuwar. Ɗan Ridina, ka ajiye min kilenka, amma fayil ɗin ni zan sauke da kaina.

Mai Gyara, SSD ɗin nan ta 256, biyu nake so. In na turo kuɗin ta waya za ka iya ba direban ajans ya sauke min a Garwa ranar Asabar? Kuma ka cire kuɗin aiki, yaron ya ce shi zai ɗaura.